Kango, Awon Igiya da Diyya: Sunayen da Ke Yanke wa Tsohuwar Unguwa Hukunci

A bakin kakanni, birni gari ne mai ganuwa da ƙofofi. In babu ganuwa, komai yawan jama'ar wuri, gari ne ko ƙauye. Yau ganuwa ta zube a mafi yawan wurare, abin da ke mayar da gari birni a idon hukuma kuwa shi ne sa hannun gwamna. Dokar Amfani da Ƙasa, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa a watan Maris na 1978, ta ba gwamna dama a sashe na 3 ya fitar da sanarwa ya ayyana kowane yanki na jiharsa a matsayin birni. Ba ta gindaya yawan mutane ba, ba ta ce sai wurin yana da kwalta ko famfo ba.

Mutumin Yankwashi zai iya cewa ina ruwansa da wannan. Ƙaramar hukumarsa, wadda ke cikin masarautar Kazaure ta Jihar Jigawa tare da Kazaure, Roni da Gwiwa, ba ta kai mutum 100,000 ba a ƙidayar 2006, kuma sunayen mazaɓunta kaɗai sun isa su gaya maka karkara ce: Dawan Gawo, Gurjiya, Kuda, Zungumba. Amma ruwansa ne ƙwarai. Sashe na 2 na dokar ya raba ƙasar jiha gida biyu. Wadda aka kira birni tana hannun gwamna kai tsaye, sauran tana hannun ƙaramar hukuma. Ranar da aka sauya wa wuri suna, takardar da ake nema ta sauya, ofishin da ake zuwa ya sauya, mai neman izinin gini ya daina kallon sakatariya ya koma kallon Dutse, inda gwamna yake. A jihohi da dama hedikwatar ƙananan hukumomi ce ake fara ayyanawa, tare da wasu kilomitoci na kewayenta. A nan kuwa suna na Yankwashi ne, sakatariya tana Karkarna, saboda haka garin da ya ba ƙaramar hukumar suna ba lallai ne shi doka za ta fara kira birni ba.

To, idan gari ya zama birni, me ake kiran unguwar da ta tsufa ta lalace a cikinsa? A nan Hausa take tsayawa ta yi inda-inda. Gidajen rediyo sukan ce unguwar talakawa, ko unguwar marasa galihu. Samari sun aro geto, suna faɗinsa ma da ɗan alfahari. Duka ukun baƙi ne a harshen. Dalilin rashin tsohuwar kalma ba boyayye ba ne. A tsohon garin Bahaushe ba a ware wa talauci unguwa. Attajiri da mai tura kura lungunsu ɗaya, masallacinsu ɗaya, kwata ɗaya ce ke bi ta ƙofar gidajensu. Unguwanni kan ɗauki sunan sana'a, ko asali, ko ma jiha kawai, kamar yadda Kazaure ke da Unguwar Gabas, Unguwar Yamma da Unguwar Arewa.

Kalmomin lalacewa da Hausa ke da su, gida ɗaya suke kamawa ko gari sukutum. Kango gida ne da rufinsa ya tafi, bango ya saura, awaki suka gaje shi. Kufai wurin da gari ya tashi ne ya bar tsamiya da kuka da fasassun tukwane. Tsakanin kango da kufai babu wani suna da ke cewa unguwa mai cike da mutane, ana haihuwa ana aure a cikinta, ta mutu. Kuma ina ganin wannan rashi alheri ne da ya kamata a riƙe. Duk inda hukuma ta samu kalma guda da za ta shafa wa unguwa baki ɗaya, katafila ce ke biyo baya. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki a Legas ta rushe Maroko bisa hujjar cewa wuri ne na ƙazanta da ambaliya, aka tashi mutanen da aka ƙiyasta sun kai 300,000. Filin yau yana cikin mafi tsada a Nijeriya, kuma ba su ke zaune a kansa ba. A Amurka ma dokar gidaje ta 1949 ta zuba kuɗi a kan abin da daga baya aka kira sabunta birane, unguwannin baƙar fata ne suka fi shan rusawa, har marubuci James Baldwin ya ce sabuntawar ba komai ba ce illa kwashe baƙaƙe.

Sunayen sassan garuruwanmu su kansu ragowar tsoffin dokoki ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba da jimawa ba aka yanka Sabon Gari don ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga kudu. Tudun Wada ta zama ta baƙi 'yan Arewa. Dokar garuruwa ta Lugard ta 1917 ta tabbatar da rabon, unguwar Turawa tana can gefe, da fili na yadi 440 da ba a yarda a yi gini a cikinsa ba tsakaninta da 'yan ƙasa, wai don sauro. Wurin da kamfanoni suka kafa shagunan sayen gyaɗa da sayar da yadi shi ne kanti, kuma har yau akwai mazaɓa mai suna Kanti a Kazaure, kamar yadda Kano ke da Kantin Kwari. Abin lura shi ne wanda aka tsara da wanda aka bari. Safiyo ya auna kanti da unguwar Turawa da Sabon Gari, ya fitar da layuka da magudanai. Cikin gari aka bar wa En'e, da mai unguwa, da duba-gari mai leƙa randa da shadda yana cin tara. Ba a taɓa shi ba don girmama al'ada, haka aka faɗa, amma rashin taɓawar ya haɗa da rashin lambatu da rashin hanyar da motar kashe gobara za ta shiga. Unguwannin da yau ake nuna wa yatsa ana cewa sun lalace, yawancinsu waɗanda tun farko ba a sa su a taswira ba ne.

Ba wai cikin gari ba shi da hanyar sabunta kansa ba ne. Yana da ita, kuma kowace shekara ake yi. Kafin damina a kwaɓa ƙasa a yi yaɓe, a shafa makuba, a gyara indararo, a sauya azarar da gara ta ci. Ƙasar ginin daga kududdufi take fitowa, kududdufin kuma shi ke shanye ruwan unguwa in sama ta yi. Da siminti da kwano suka zo, maginin ƙasa ya ƙaranta, kududdufai suka zama juji, daga baya aka cike su aka yanka filaye. Ruwan da ya rasa wurin zuwa sai ya kwanta a gindin katangar ƙasa, shi ya sa a shekarar ambaliya irin 2022, wadda ta yi wa Jigawa mummunar ɓarna, gidajen ƙasa ne kan fara durƙushewa.

Amma ba ruwa ne babban mai yin kango ba. Gado ne, tare da wata takarda da muke kira da sunan da ba nata ba.

Muna cewa takardar shaidar mallaka, masu harkar filaye kuma su ce si-of-o. Wanda ya karanta abin da ke rubuce a jikinta zai ga babu mallaka a ciki. Shaida ce ta izinin zama na wani wa'adi, galibi shekara 99 in gidan zama ne, kuma da kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara. Sashe na 1 na dokar 1978 ya damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Mutanen kudu sun ji wannan a jikinsu a lokacin, amma a Arewa tsohon zance ne. Tun 1908 aka kafa kwamiti a Landan kan ƙasar Arewa a zamanin Gwamna Percy Girouard, dokar da ta biyo baya a 1910 ta sa ƙasa duka ƙarƙashin ikon Gwamna, gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta ta a 1962. Abin da aka yi a 1978 shi ne shimfiɗa tsarin Arewa a kan ƙasar baki ɗaya, aka kuma kulle shi cikin tsarin mulki, inda yake a sashe na 315 na kundin 1999, don kada majalisa ta gyara shi da sauƙi.

Yanzu a ɗauki gidan gado a cikin gari, irin wanda kowa ya sani. Kaka ya gina shi, babu takarda, shaidarsa maƙwabta da mai unguwa. Ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha, ba a raba ba don kunya da zumunci, aka ce a bar shi gidan kowa. 'Ya'yan suka haifi nasu. Masu hali suka sayi fuloti a bayan gari suka fita, wasu suna Kano, wasu Legas, wasu mata suna gidajen aure a Babura ko Daura. Waɗanda suka saura a ciki su ne marasa ƙarfi da zawarawa da tsofaffi. Wanda ke ciki ba zai zuba miliyoyi a bangon da ba nasa shi kaɗai ba, domin ranar rabo ba a ware masa siminti. Wanda ke waje ba zai gyara ɗakin da ba ya kwana ba. Banki ba ya karɓar gidan jingina, domin babu si-of-o, kuma ko da akwai, sashe na 22 ya ce ba a sayarwa ko jinginarwa sai da yardar gwamna, yardar da ke cin kuɗi da watanni. Neman takardar ma sai an ce da sunan wa za a rubuta, tambayar da ta isa ta kai 'yan uwa gaban alƙali. Ana nan ana jan ƙafa damina ta ci ɗaki ɗaya, wata ta ci zaure.

Shari'a tana da kalma a nan da ta fi dokar boko fahimtar lamarin: shufa'a. A mazhabar Malikiyya, in abokin tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin karɓe shi a kan farashin da aka saya. Hikimar ita ce gida ya taru a hannun mai iya riƙe shi daga cikin dangi. Sai dai haƙƙi ne da ke buƙatar kuɗi a hannu, kuma babu wani asusun gwamnati ko na banki da aka gina don magajin da ke son sayen kason 'yan uwansa ya gyara gidan ubansa. Rancen gidaje da ake yi, na sabon gini ne a sabon fili mai sabuwar takarda. Ko kwamitin gyaran dokar ƙasa da Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, wanda ya fara gwajin bi gida-gida ana yi wa filaye rajista a Kano da Ondo, maganin rashin takarda ya nema. Rashin takarda rabin ciwon ne kawai.

Masu fita daga gidan gado ina suke zuwa? Mai albashi mai kauri ya nemi awon gwamnati. Saura sai awon igiya. Sunan ya faɗi yadda ake yi: mai gona ya kira dillali, a ja igiya a buga turaku, a yanka gonar gunduwa-gunduwa, mai unguwa ya sa hannu a takardar ciniki, a ba shi nasa, dillali ya karɓi la'ada. Tunda kowane taku kuɗi ne, hanya ce ke fara ramewa. Ba a bar filin makaranta, ba a bar na asibiti, wani lokaci ko maƙabarta. Sashe na 36 na dokar 1978 ya hana yanka irin waɗannan gonakin karkara zuwa fulotai, har da tarar naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya, adadin da yau bai kai kuɗin buhun siminti ba. Kowa ya san ana yi, ciki har da masu aiwatar da dokar, waɗanda da yawansu a awon igiya suke kwana. Kurna, Rijiyar Lemo, Dorayi da Rimin Kebe a Kano ba su kai tsufan Dala ba, amma sun riga ta shiga jerin unguwannin da ake cewa suna neman ceto. Abin da ya faru a gefen Kano jiya shi ke faruwa yau a gefen Kazaure da duk garin da kwalta ta ratsa. Ban ga laifin mai saye ba. Hukumar da ba ta yanka fili mai araha kafin mutane su iso, ita ce ta miƙa wa dillali igiyar.

Sai kalmomin aikin kansa. Hukuma tana cewa raya birane, sabunta birane, ƙawata gari. Jama'a suna da kalma ɗaya tak, rusau. Raya tana da asali mai daraja. A fiƙihu akwai babin raya matacciyar ƙasa, wanda ya share dajin da ba na kowa ba, ya haƙa rijiya, ya yi gini ko shuka, ya samu haƙƙi a kansa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum kan wannan, Ta'alimur Radi. A can kuma muka samo hurumi, filin da ke kewaye da gari ko rijiya wanda ba a yarda wani ya mamaye ba don amfanin kowa ne. Sharaɗin raya a wancan babi shi ne ƙasar ta kasance matacciya. Unguwar da yara ke zuwa makarantar allo a cikinta ba ta cika wannan sharaɗi ba, komai warin kwatarta.

Abin mamaki, dokar tsara birane ta tarayya, doka ta 88 ta 1992, ta yi tanadi mai kyau a takarda. Ta ba da damar a ayyana unguwa a matsayin yankin ingantawa, ta ce a tuntuɓi mazauna kafin a fara, a taimaka musu su gyara gidajensu, in kuwa rushewa ta zama dole a sama musu wurin zama. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Daga nan kowace jiha da irin dokarta da irin hukumarta, kuma sashen da hukumomin suka fi iyawa shi ne na jan fenti a bango. Nasiru El-Rufa'i, tun yana ministan Abuja daga 2003 zuwa 2007, ya samu laƙabin rusau, ya kuma tafi da shi Kaduna. A Kano, kwanaki kaɗan da rantsar da Abba Kabir Yusuf a ranar 29 ga Mayun 2023, katafila ta shiga gine-ginen Filin Sukuwa, da na tsohon otal ɗin Daula, da shagunan Filin Idi. Gwamnati ta ce ƙwato filayen al'umma take yi waɗanda gwamnatin da ta gabata ta rabar, wato maganar hurumi ke nan. Masu shaguna suka ce rusau ne, suka ɗaga takardunsu masu hatimin gwamnati. Babbar Kotun Tarayya ta yanke a biya 'yan Filin Idi diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Waɗannan ba tsoffin unguwanni ba ne, sababbin gine-gine ne na masu kuɗi da lauyoyi. Mai gidan gado da ke kallo daga lungu ya ga abin da ya samu masu takarda, ya kuma san shi ko takardar ba shi da ita.

Kalmar da aka sasanta a kanta, diyya, asalinta kuɗin jini ne, abin da ake biyan dangin wanda aka kashe. Ban san wanda ya fi Bahaushe dacewa da zaɓen kalma a nan ba, domin abin da aka rushe ba ya dawowa. Amma diyyar Shari'a ƙayyadaddiya ce, ba a rage ta don mamacin tsoho ne. Ta dokar 1978 akasin haka take. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izinin zama saboda maslahar jama'a, sashe na 29 ya faɗi abin da za a biya. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta, sai dai a mayar da kuɗin ƙasar da mutum ya biya a shekarar, in ya biya. Gini ana ƙiyasta abin da zai ci a sake shi, sannan a cire tsufa. Amfanin gona da itatuwa jami'i ne ke sa musu farashi. Wanda bai gamsu ba, sashe na 30 ya tura shi gaban kwamitin rabon filaye, wanda gwamna ne ke naɗa shi. In an ba mutum wani gida a madadin kuɗi, kuma sabon ya fi tsohon daraja, sashe na 33 ya ce ana iya ɗaukar rarar a matsayin bashi a kansa.

A duba yadda wannan lissafi ke faɗa wa tsohuwar unguwa. Darajar gidan cikin gari ba a bangonsa take ba, a wurinsa take: kusa da kasuwa, kusa da masallacin Juma'a, kusa da masu sayen ƙosan da matar gida ke soyawa. Wannan ita ce darajar da doka ta ce ba ta biya. Abin da take biya, bango da rufi, shi ne abin da shekaru suka riga suka cinye. Gidan bulo mai shekara biyar a bayan gari zai karɓi kuɗi mai kauri, gidan ƙasa mai shekara tamanin a tsakiyar gari, wanda mutum talatin ke kwana a ciki, zai karɓi abin da ba zai sayi fuloti a awon igiya ba, kuma a raba shi tsakanin magada.

Wannan ba labarin nesa ba ne ga ƙasar Kazaure. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a watan Fabrairun 2021 kuma kamfanin Mota-Engil ke ginawa, ta Dambatta da Kazaure da Daura zai bi. Titin Kano zuwa Kwangwalam ta Kazaure da Daura, kamfanin BUA ne ya karɓi aikin mayar da shi tagwaye a madadin harajin da zai biya. Ayyukan biyu na tarayya ne, amma dokar ta ce gwamnan jiha ne zai soke izinin masu wurin in Shugaban Ƙasa ya nemi filin, kuma ma'aunin diyyar shi ne dai na sashe na 29. Garuruwan bakin titi a bakin titin suka girma, shaguna da rumfuna da zauruka duk suna fuskantar kwalta. Jami'in ƙiyasi in ya zo da littafinsa zai tambayi abu uku: da me aka yi ginin, shekararsa nawa, kuma da sunan wa za a rubuta.